Amsa ga mai lambun da ya tambaye ni batun tokar bola

Salamu alaikum Malam. Ka tambaye ni a bainar jama'a cewa tunda takin zamani ya yi tsada, ko za ka iya kwaso tokar bolar unguwarku ka zuba a lambunka na bakin kogin Jakara a Kano, ragowar kuma a buga bulo da ita. Don girman Allah kar ka zuba.

Na san za ka ce ai iyayenmu sun daɗe suna lodin takin bola a jakuna zuwa gona. Haka ne, amma bolar da kashin awaki ce da tokar murhu, ta yanzu kuwa ledar fiya wata ce da mataccen batir da wayoyin lantarki da gwangwanin fenti, in an cinna wuta leda ta cinye amma dalma da kadmiyam, ƙarafa masu guba, ba sa ƙonewa sai ma su taru a cikin tokar, ga kuma wata guba wai ita dayoksin da roba ke haifarwa in wutar ba ta da ƙarfi, duk wannan za ka kai gindin latas da alayyafon da yaranmu za su ci. Ka tuna Zamfara a 2010, dalma ta kashe yara wajen 400. Can daga haƙar zinare ne, amma gubar ɗaya ce wallahi.

Maganar gini kuwa akwai hanya, mu ma magina sun yi laso, wato simintin gargajiya, da katsi, tokar da ke kwantawa a ramin marina, sai dai wannan tokar ba aikin gida ba ce. A Turai doka ta ce zafin injin ƙona shara ya kai digiri 850. Tokar da ta zauna a ƙasan injin sai an zare ƙarafa da maganaɗisu, a jibge ta watanni ta sha iska, a gwada, sannan a shimfiɗa a ƙarƙashin kwalta. Wadda matatar hayaƙi ke kamawa ita ce muguwar, Suwizalan da asid suke wanke ta, Jamus a tsofaffin ramukan gishiri suke binnewa, a Tokyo kuma tun 2006 suke siminti da tokar shara. A bolarmu duka biyun a cakuɗe suke, wa zai raba?

Ka nemi tokar itace zalla wajen masu gidan burodi, ka haɗa da takin dabbobi. Bolar kuma ku yi magana da mai unguwa a daina cinna mata wuta, a nemi REMASAB, hukumar kwashe shara ta Kano, su kwashe.