Waƙar Kishin Ƙasa Ba a Ba da Kwangilarta

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta sharhin da aka buga a shafin ra'ayi na jaridarka, inda marubucin ya koka cewa mawaƙan zamani ba su da kishin ƙasa. Ya ce a ƙasashen da suka ci gaba, mawaƙi ba ya kwance wa ƙasarsa zani a kasuwa. Ya kuma ba da shawarar gwamnatoci su ware kuɗi a riƙa tsara waƙoƙin yabon ƙasa, a hana gidajen rediyo saka na masu suka. Da na so in kawar da kai, sai na kasa, domin shekara ashirin da ɗoriya na yi ina aiki a ɗakin ajiye faifai na wani gidan rediyo kafin in yi ritaya, kuma abin da malamin ya faɗa bai zo daidai da abin da na gani da idona ba.

A ɗakin nan akwai wani kabad na ƙarfe mai launin toka, makullinsa a hannuna yake. A ciki ake jibge faifan da aka ce kada a saka, kowanne an manna masa jar takarda a goshi. A ɗaya gefen kuma akwai kanta guda ta waƙoƙin da hukuma ta biya aka yi, masu cewa ƙasa ta gyaru, shugaba haske ne, kowa ya tashi ya yi aiki. Duk ranar da mulki ya sauya hannu, kafin azahar za a aiko a ce mu kwashe na kan kantar mu zuba a kwali. Ba wanda ya taɓa zuwa ya ce in ara masa ɗaya daga cikinsu. Akwai wanda muka yi shekaru muna tokare taga da shi saboda iska. Amma na cikin kabad, har manyan da suka sa hannu a takardar hanawa sukan zagayo bayan an tashi aiki, su rage murya, su ce in taimaka in kwafa musu a kaset.

Tun da malamin ya kafa hujja da ƙasashen waje, to mu je can ɗin. A 1984 mawaƙin Amurka Bruce Springsteen ya fitar da waƙar Born in the U.S.A., wadda har yau ake kaɗa tutar Amurka idan an sa ta. Wanda ya tsaya a amshi zai ɗauka kirari ne. Wanda ya bi baitocin zai tarar da labarin wani talaka da aka tura yaƙin Vietnam, ya dawo gida ya rasa aikin yi, ba wanda ya waiwaye shi. A watan Satumban shekarar, Shugaba Ronald Reagan, yana yawon neman zaɓe a jihar New Jersey, ya ambaci sunan mawaƙin a matsayin misalin kyakkyawan fatan Amurka. Bayan 'yan kwanaki Springsteen ya hau dandali a Pittsburgh ya yi masa habaici, yana mamakin wane faifan nasa ne shugaban yake saurare. Ni kaina na daɗe ina saka waƙar a shirin dare ba tare da na san kuka ce ba, sai da wani abokin aiki ya zauna ya warware min ita baiti-baiti.

Kuma ba a kansa aka fara ba. A 1940 Woody Guthrie ya gaji da jin God Bless America a rediyo safe da yamma, alhali ya zaga ƙasar ya ga yunwa da idonsa, sai ya rubuta This Land Is Your Land a matsayin martani. Yau yaran makaranta ne ke rera ta a Amurka, amma an daɗe ana tsallake baitocin da ke maganar mayunwata a layin karɓar agaji da kuma katangar da ke hana talaka wucewa. A Janairun 2009, a bikin da aka yi gab da rantsar da Barack Obama, Pete Seeger da Springsteen suka rera ta har da baitocin da ake ɓoyewa. Waƙar da aka yi don ƙorafi ta zama kusan taken ƙasa na biyu.

Ba ina cewa can ɗin suna da haƙurin suka ba ne. A Maris 2003, ana shirin afka wa Iraƙi, jagorar ƙungiyar mawaƙa mata ta Dixie Chicks ta faɗa a wani wasa a Landan cewa suna jin kunyar shugaban Amurka ɗan jiharsu ne ta Texas. Jimla ɗaya tak. Gidajen rediyo suka daina saka su, aka tara faifansu aka bi ta kai da mota, aka yi musu barazanar kisa. A 2007 kuma aka kira su aka ba su lambar yabon waƙa ta Grammy guda biyar a dare ɗaya. A Faransa, mawaƙi Serge Gainsbourg ya je Kingston ta Jamaika a 1979 ya rera taken Faransa da kiɗan reggae, tsofaffin sojoji suka ce ya ci mutuncin ƙasa. A Janairun 1980 suka cika zauren da zai yi wasa a Strasbourg, aka soke wasan saboda barazana, sai ya fito shi kaɗai ba makaɗi ko ɗaya, ya rera taken yadda aka saba, waɗanda suka zo cin zarafinsa suka miƙe tsaye suka ƙame. Ashe kowace ƙasa tana da nata kabad ɗin, kuma kowace takan dawo daga baya tana neman makulli.

Ina ganin inda muke ruɗewa shi ne kalmar kishi kanta. Kishi iri biyu ne. Akwai na uwa a kan ɗanta, wadda za ta ja masa kunne a gaban mutane don ba ta son ya lalace. Akwai kuma na kishiya, wanda ba ya rayuwa sai da abokiyar gaba, ba ya jin daɗi sai an kushe wata. Dukansu muna kiransu kishin ƙasa, kuma dukansu suna da daɗi a kunne idan an sami makaɗi gwani. Na farko yana cewa gyara kayanka, wanda ba ya zama sauke mu raba. Na biyu tambayarsa ɗaya ce: wane ne ba namu ba?

Kada a ce na raina waƙar da ke haɗa kan jama'a ranar da ƙasa ta shiga uku. Ban raina ba. Bayan Masar ta sha kashi a yaƙin Yunin 1967, mawaƙiya Ummu Kulsum, tana da shekaru sosai, ta bi biranen Masar da ƙasashen Larabawa har zuwa Paris tana wasa, tana miƙa kuɗin ga asusun ƙasa. A Indiya, bayan yaƙi da Sin na 1962, Lata Mangeshkar ta rera Ae Mere Watan Ke Logon a Delhi a Janairun 1963, har Firaminista Nehru ya zubar da hawaye. A lura da abu ɗaya: duka biyun daga shan kaye suka fito, ba daga nasara ba. Ta Lata makoki ce, tana roƙon a tuna waɗanda ba su dawo ba, tana jero ƙabilun sojojin don ta ce jinin da ya zuba na ƙasa ɗaya ne. A Estoniya kuwa, a Satumban 1988, mutum kusan 300,000 suka taru a filin waƙa na Tallinn suna rera waƙoƙin ƙasarsu a ƙarƙashin mulkin Tarayyar Sobiyet, a ƙasar da jama'arta a lokacin kimanin miliyan ɗaya da rabi ne. A 1991 suka sami 'yanci. Ba ma'aikatar da ta ba su kwangila. Hasali ma, hukumar ce suke ƙalubalanta da waƙar.

To idan gwamnati ce ta biya fa? A nan dole in yi adalci, domin an taɓa gwadawa kuma an sami kiɗa mai kyau. Bayan Gini ta sami 'yanci a 1958, Sekou Toure ya kafa ƙungiyoyin makaɗa a jihohi, ya saya musu kayan kiɗa, ya sa su a albashi, ya ce su bar kwaikwayon Turawa su koma ga nasu. Daga nan Bembeya Jazz ta fito, da doguwar waƙarta ta tarihin Samori Toure. Har gobe idan na ji jitar makaɗinta Sekou Diabate tsigar jikina takan tashi. Amma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A shekarun da mutane ke mutuwa a kurkukun Boiro, ba makaɗin albashi da ya isa ya ce uffan. Keita Fodeba, wanda ya kafa ƙungiyar rawa ta Les Ballets Africains ya kai sunan Gini duniya, har ya yi minista, an kama shi a 1969, bai fito da rai ba. A Zayar ma, wato Kwango ta yanzu, mawaƙi Franco, da duk girman baiwarsa, ya yi wa Shugaba Mobutu doguwar waƙar neman zaɓe a 1984, zaɓen da Mobutu shi kaɗai ne ɗan takara. Masoyan Franco suna nan birjik, amma ba ita suke nema ba in sun tuna shi.

Labarin Thomas Mapfumo na Zimbabwe shi ya fi tsaya min. Lokacin mulkin tsirarun fararen fata, waƙoƙinsa na chimurenga, cikin harshen Shona, su ne ke ƙarfafa 'yan gwagwarmaya, har aka tsare shi a 1979. Da aka sami 'yanci a 1980, gwarzo ne. A 1989 ya fitar da faifai a kan cin hanci, sai fuskar sababbin masu mulki ta canza. Rediyon gwamnati ta riƙa kauce wa wasu waƙoƙinsa, matsi ya yi yawa, ya kwashe iyalinsa ya koma jihar Oregon ta Amurka. Bai sake yin wasa a gida ba na tsawon shekaru, sai a 2018 bayan faɗuwar Mugabe. Mutum ɗaya ne, murya ɗaya, abin da yake so wa ƙasarsa bai canza ba. Gwamnati biyu da ba sa ga maciji da juna, kowacce ta ɗauke shi maƙiyi. Da shawarar malamin ake bi, a wace shekara Mapfumo yake mai kishin ƙasa, a wace shekara kuma ya zama mai ɓata mata suna?

Abin da ya sa na ɗauki biro dai shi ne Ruwanda, domin aikina ya shafa. Simon Bikindi mawaƙi ne mai farin jini, ma'aikacin ma'aikatar matasa da wasanni, shugaban wata ƙungiyar rawa ta gargajiya. Masu jin harshen sun ce gwani ne wajen sarrafa kalma, kiɗansa kuma yana ratsa jiki. Waƙoƙinsa suna tuna wa ƙabilarsa ta Hutu bautar zamanin sarautar ƙabilar Tutsi, suna kiransu su haɗa kai kada a maimaita. A ido, kishin jama'arsa yake yi. Ɗaya daga cikinsu ma ba Tutsi ta sa a gaba ba, Hutu 'yan uwansa ta zaga, waɗanda suka ƙi ɗaukar maƙwabtansu a matsayin abokan gaba. A 1994 gidan rediyon RTLM ya yi ta saka waƙoƙin nan ba dare ba rana, tsakanin sanarwar inda mutane suka ɓuya, kuma shaidu sun ce masu adduna suna rera su a shingayen hanya. Cikin kwana ɗari aka kashe mutum kusan 800,000. A Disambar 2008 kotun duniya da ke zama a Arusha ta Tanzaniya a lokacin ta yanke masa shekara 15. Ba a kan waƙoƙin aka kama shi kai tsaye ba, a kan kiran kisa ne da ya yi da lasifika daga cikin mota a watan Yunin 1994, ko da yake kotun ta yarda cewa waƙoƙin sun hura wutar ƙiyayya.

Na sha kwana ina tunanin mutumin da aikinsa irin nawa ne a wancan gidan rediyo. Wani ne ya ɗauko faifan daga kanta, ya goge shi, ya miƙa wa mai gabatarwa. A ɗakinsa, faifan Bikindi ba ya cikin kabad mai jar takarda. Yana kan kantar waƙoƙin kishin ƙasa, a sahun gaba, inda hannu zai kai da sauri.

Don haka ina roƙon malamin da ya yi sharhin, da girmamawa, ya sake rubuto mana ya faɗi wanda zai riƙe makullin kabad ɗin da yake so a kafa, da wanda zai riƙa manna jar takardar. Ni na riƙe irinsa shekara tara. A tsawon lokacin an sauya abin da ke ciki sau uku, kuma akwai faifai guda da na cire wa jar takarda da hannuna, na mayar masa da ita bayan shekara biyu, na sake cirewa kafin in bar aiki.

Na gode da ba ni fili.

Naka,
Wani tsohon ma'aikacin rediyo