Sanarwa kan girka laburaren cryptography

Assalamu alaikum ƴan uwa.

Masu tambaya kan ɓoye bayanai a Python, yaren rubuta manhaja, ku girka laburaren cryptography, wato tarin kayan aikin ɓoye bayanai, da umarnin pip install cryptography. Amma ku sabunta pip tukuna, wato manhajar da ke girka laburaren, domin tsohon pip yakan cije yana neman Rust, wani yaren rubuta manhaja na daban. Wannan matsalar ta taɓa cinye mini yini guda cur.

Ku fara da Fernet, wani tsarin ɓoyewa da ke cikin laburaren, ya fi sauƙi. Umarnin generate_key zai ba ku mabuɗi, da shi ake kulle saƙo, da shi ake buɗewa. In ya ɓace, bayanan sun tafi ke nan. Don Allah kada ku bar mabuɗin cikin manhajarku ku ɗora ta a GitHub, shafin intanet da ake ajiyewa da raba manhajoji, kuma kada kowa ya ce zai ƙirƙiro nasa tsarin ɓoyewar.

Wanda ya maƙale ya turo hoton kuskuren da ya gani a nan, mu duba tare.