Kuɗin adashin mutane na tura wa wanda ban taɓa gani ba

Assalamu alaikum Hajiya, barka da aiki. Don Allah a sakaya sunana.

Ni bazawara ce, shekaruna 34, ina zaune a unguwar Birni nan Damagaram, ina sayar da atamfa da mayafai a kasuwar Dole. Wata bakwai ke nan wani ya yi mini sallama a Facebook, muka koma WhatsApp. Ya ce shi mutumin Maraɗi ne, yana aikin gini a Faransa, matarsa ta rasu. Kullum shi ke tashe ni sallar asuba. Hajiya, shekara tara na yi a gidan tsohon mijina, ko "kin ci abinci?" ban taɓa ji daga bakinsa ba. Shi ya sa in na nemi kiran bidiyo ya ce rezo ba kyau, sai in yi shiru.

Bayan sallar layya ya turo hoton akwati shida, wai lefena ne. Kwana huɗu sai ga kira, wani ya ce shi ɗan duwan ne a filin jirgin Yamai, in biya jika 85 a saki kaya. Na biya da kuɗina. Ya sake kira, wai an ga zinariya a ƙasan akwati, in ban kawo jika 200 ba, za a kama kayan, a kama ni. Ni ce uwar adashin mata goma a layinmu, kuɗin kwasa na hannuna. Na ɗauka na tura, zuwa ga wani suna daban ma, ban tsaya tunani ba.

Ƙanena ne ya binciko hoton nasa, ashe na wani bawan Allah ne aka sato. Da na yi wa saurayin nawa magana sai ya toshe ni.

Ranar Juma'a ce kwasa, kuma mai ɗauka aurar da ɗiyarta za ta yi. In faɗa musu gaskiya ne, ko in karyar da kayan shago in rufa wa kaina asiri? Ƙanena ya ce tun 2019 akwai dokar laifukan intanet a Nijar, mu je kumisariya da rasiɗai. Amma kin san garin nan, kafin la'asar zancen ya kai kunnen Baba.

Jiya kuma mutumin ya rubuto da sabuwar lamba, wai shi ma cutar sa aka yi, in yi haƙuri. Ban amsa ba, Hajiya, amma ban goge lambar ba.

Ɗiyarki daga Birni.