Tsohuwar sanarwa ga ƴan rukunin kasuwar Yankaba, wadda aka fitar a watan Mayun 2020 lokacin korona

Assalamu alaikum ƴan'uwa, barkanmu da shan ruwa.

Kun ji gwamnatin Kano ta sassauta dokar kulle ta korona: Litinin da Alhamis za a fito, daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma. Alhamdulillahi. Wanda ya ga tumatur ɗinsa ya narke a kwando saboda zaman gida, shi ya san daɗin wannan labari. Ni kaina buhun albasa biyu na zubar, ga azumi ga iyali.

Amma don Allah mu yi hattara. Cutar nan tana nan, kuma mun ga yadda aka yi ta rashin dattawa a garin nan cikin watan Afrilu. Idan aka ga cunkoso a bakin ƙofa, ba wuya a sake rufe mu.

Kowa ya zo da takunkumi, ya ajiye buta da sabulu a gaban rumfarsa. Gaisawa da hannu a haƙura da ita tukuna. Iyayenmu masu ciwon suga ko hawan jini, Baba ku zauna a gida, yara su tsare muku rumfa. Mai zazzaɓi ko tari kada ya fito, ya kira ni, mu za mu sayar masa da kayansa.

Allah Ya yaye mana.