Magidanci mai shirin tseren iyo da keke da gudu, daga ina zai ciro awannin?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan jarida mai albarka domin mu yi magana da 'yan'uwanmu mazauna Jidda da Makka da Madina, musamman magidantan da suka fara ɗokin tseren nan mai rukuni uku da ake kira tirayatlon, inda ake yin iyo, a fito a hau keke, a sauka a zarce da gudu babu hutu. Duk mai fita bakin tekun Jidda da sanyin safiyar Juma'a ya ga yadda masu kekuna suka yawaita, har da namu a ciki. Abin murna ne a ƙasar da ciwon suga da teɓa suka yi wa jama'a katutu. Sai dai akwai ƙorafin da ya fara fitowa daga cikin gidaje, kuma mata ne ke yin sa: maigida ya samu lafiya, gida ya rasa maigida.

Daga zaɓen tsere ɓarnar ke farawa. Ƙaramin tsere iyon mita 750 ne, keke kilomita 20, gudu kilomita 5. Wanda ake yi a gasar Olamfik tun daga ta Sidni a 2000 ninki biyu ne: iyon kilomita ɗaya da rabi, keke 40, gudu 10. Sai babban, Ironman, da aka fara a Hawai a 1978, mai iyon kilomita 3.8, keke 180 da gudu 42.2, da kuma rabinsa. Bidiyon babban ne ke yawo a wayoyi, shi ne kuma ke ɗaukar hankalin sabon shiga. Amma shirinsa yakan ci awa goma sha biyu ko fiye a mako har tsawon watanni. Mai aikin kanti ko tuƙi, da 'ya'ya huɗu a ɗaki biyu, ba shi da waɗannan awannin sai ya sato su daga hannun wani. Ƙaramin tseren kuwa awa biyar zuwa shida a mako sun ishe shi, mako goma sha biyu kuma sun isa ga wanda ya riga ya iya iyo. A shekarar farko a tsaya nan.

Ko awa shidan ma akwai ƙarya a cikinta, nan ne kuma yawancin rigimar gida take. Iyon minti 45 a takarda, a zahiri awa biyu ne idan an haɗa da cunkoson hanya, neman wurin ajiye mota, canza kaya da wanka. Haka keke, idan sai an ɗora shi a mota an kai shi wajen gari. Wanda ya ce wa uwargida "awa ɗaya kawai" ya dawo bayan uku, sau biyu ko uku za a yarda da shi. A ƙirga daga fita ƙofa zuwa dawowa, a faɗi wannan adadin. Sannan a ƙara da abin da ba ya shiga lissafin kowa, wato gajiya. Wanda ya dawo ƙarfe tara ya miƙe a falo har azahar yana tsawa wa yara su yi shiru, wunin nan duka ya tafi da shi.

To ina awannin za su fito? Daga dare. Kowa ya san al'adar garuruwan nan: ana hira da shayi har ƙarfe ɗaya ko biyu, ana kallon ƙwallo, ana latsa waya. Asuba a Jidda tana shigowa wajen ƙarfe huɗu da kwata a watan Yuni, a Janairu kuma wajen shida saura kwata. Tsakanin sallame sallah da lokacin kai yara makaranta akwai awa ɗaya ko fiye da babu mai nemanka a cikinta, ita ce kuma mafi sanyi a wunin. Kuɗinta shi ne kwanciya ƙarfe goma, domin jikin da ke atisaye yana son barcin awa bakwai ko takwas. Mai son ya riƙe majalisar dare ya kuma riƙe gudun asuba, taura biyu yake son taunawa. Mako uku zai yi, mura ta kama shi, ya koma saurin fushi a gida, ya ɗora laifin a kan wasan.

Ga yadda mako zai iya tafiya ga mai hutun Juma'a da Asabar. Lahadi gudun minti 40 bayan asuba, daga ƙofar gida, ba sai an tada mota ba. Litinin iyo. Talata keke awa ɗaya a cikin gida, a kan ƙarfen nan da ake ɗora tayar baya. A kunna fanka sosai, a shimfiɗa tawul a kan hannun keken domin gishirin gumi yana cin kusoshi. Laraba babu komai. Alhamis gudun minti 35, a tsakiyarsa a ƙara sauri na minti biyu sau biyar, ana sassautawa minti biyu a tsakani. Juma'a ce ranar dogon zango, saboda da safenta tituna fayau suke: keke minti 90, a sauka a canza takalmi nan take a yi gudun minti 15, a kasance a gida kafin takwas, da sauran lokacin karin kumallo da yara da wankan Juma'a. Asabar iyo, a tafi da yaran in wurin ya yarda. Jimilla awa biyar da rabi ke nan. Mai aikin kwana shida ya cire gudun Alhamis, babu abin da zai ɓaci.

Gudun nan na bayan keke kada a raina shi. Wanda bai saba ba, ranar tsere zai ji ƙafafunsa kamar an ɗaura musu buhun siminti a kilomita na farko, saboda tsokar ta yi awa tana juyi a zaune sannan aka ce ta ɗauki nauyin jiki. Sau ɗaya a mako ya isa ta koya.

Kashi huɗu cikin biyar na atisayen a yi shi a hankali, yadda za ka iya hira da na kusa da kai ba tare da haki ba. Sababbi sun tsani jin wannan, gani suke ɓata lokaci ne. Su ne kuma ke dawowa gida a wahalce kullum, su ne ke samun ciwon ƙwauri da na agara. Kada a ƙara fiye da kashi goma cikin ɗari a kan na makon jiya, a mako na huɗu kuma a rage kusan kashi ɗaya cikin uku. Wannan makon sauƙin shi ya dace a sa ziyarar dangi a Makka ko kai iyali Ɗa'if shan iska. Idan ka farka ka ƙirga bugun zuciyarka ka ga ya haura na kullum da bakwai ko goma a minti, kwana biyu a jere, jikin bai warware ba, ka huta.

Zafi ne abin da jadawalin da ake saukowa da su daga intanet ba su sani ba, don yawancinsu a Turai da Amurka aka rubuta su. Hukuma da kanta tana hana aiki a rana daga sha biyu zuwa uku, daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Satumba. A Jidda kuma laimar iska ce ta fi rana mugunta, gumi ba ya bushewa balle ya sanyaya jiki, ko da dare ne. Jiki yana ɗaukar kwana goma zuwa sha huɗu kafin ya saba da aiki a zafi, saboda haka wanda ya dawo daga hutu a ƙasarsa ya fara da rabin abin da ya saba. A hau sikeli ba kaya kafin fita da bayan dawowa: kowane kilo ɗaya da ya ragu kusan litar ruwa ɗaya ce ta fita. Mai kilo 75 da ya rasa fiye da kilo ɗaya da rabi ya wuce iyaka. Ruwa zalla da yawa shi ma yana da nasa haɗarin, yana tsinka gishirin jini, ya kawo ciwon kai da amai da ruɗewa. Ba sai an sayi garin kanti mai tsada da ake damawa a ruwa don mayar da gishirin jiki ba: lita ɗaya ta ruwa, ƙaramin cokali shida na suga a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a matsa lemon tsami. Idan fita ta wuce awa ɗaya da rabi, dabino biyar ko shida a kowace awa sun wadatar, ga shi a ƙasar dabino muke. Abokin tafiya da ya fara tangaɗi ko magana ba kan gado, a kai shi inuwa, a yi ta kwara masa ruwan sanyi, a kira motar asibiti a 997. Kada a tsaya jiran ya farfaɗo da kansa.

Iyo ne ke korar yawancin mutanenmu, don da yawa ba su tashi kusa da ruwa ba, wanda ya tashi kuma iyon kududdufi ya koya, kai a sama. Da an ɗaga kai ƙafafu ke nutsewa, mutum ya koma jan jiki kamar mai hawan tudu. Fuska ta zauna cikin ruwa, a riƙa fitar da numfashi ta hanci a hankali, a juya gefe a shaƙa. Riƙe numfashi shi ke kawo hakin da ke tsayar da mutum bayan mita 50. A nan kuɗin malami na zama biyar ko shida ya fi kowane kayan da za a saya amfani. A wurin iyo mai tsawon mita 25, iyon ƙaramin tseren daidai yake da ratsa shi sau talatin. Zama ɗaya zai iya zama mita 200 na ɗumama jiki, 50 sau takwas da hutun daƙiƙa 20, 100 sau huɗu, sai 100 na saukowa. Kafin ranar tsere a shiga teku aƙalla sau uku. Bahar Maliya gishirinta ya fi na yawancin tekuna, kusan giram 40 a lita, yana ɗaga jiki amma yana ƙona maƙogwaro da ido. A shiga inda aka yarda da iyo kaɗai, kada a shiga kai kaɗai, a ja balan-balan mai launi a ƙugu, musamman wajen Ubhur da ke arewacin Jidda, inda jiragen shaƙatawa da baburan ruwa ke kai-komo. Babu layi a ƙasan teku, sai an riƙa ɗago ido duk bayan jan hannu shida ko takwas, in ba haka ba mita 750 za ta zama 900.

Keke kuwa rami ne na kuɗi. Na hannu mai lafiya, hular kwano da fitilar baya sun isa tseren farko. Sirdi ya fi komai muhimmanci: ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa, ƙafa ta miƙe sak, nan ne tsayinsa. In ya yi ƙasa gaban gwiwa zai yi ciwo, in ya yi sama bayanta. Iskar teku tana sa sarƙa tsatsa da wuri, a goge a sa mai duk mako. Takalmin gudu yana mutuwa tsakanin kilomita 500 da 800 ko da samansa sabo ne. A ware abin da za a kashe a shekara tun farko, uwargida ta san adadin, kuma kada ya taɓa kuɗin haya, na sabunta iƙama, ko abin da ake aika wa iyaye.

Maganar da ta fi duka wuya ita ce ta zama da iyali kafin a fara. A kawo kalanda a zauna tare, ita ta fara sa ranakunta: bikin wane, jarrabawar yara, ganin likita. Abin da ya rage shi ne na atisaye. In kai ka ɗauki awa shida, ita ma tana da shida, kai ne kuma mai riƙe yara a lokacin, ko islamiyya za ta je, ko wajen 'yan'uwanta, ko wurin motsa jiki na mata, waɗanda yanzu suka wadata a gari. Mata da yawa ma sun fi mazan buƙatar fitar, su da ke wuni a rufe a bene. Mai mata biyu ya lura kada hutunsa ya riƙa faɗawa ranar girkin ɗaya, gajiyarsa ta riƙa faɗawa ranar ɗayar. Idan yaro ya kwana da zazzaɓi, atisayen safiyar ya tafi, kuma ba a rama shi. Cusa biyu a rana ɗaya don cike gurbi shi ke kawo rauni.

Lokuta biyu na shekara nasu ne daban. A Ramadan a rage zuwa rabi, a yi mai nauyin awa biyu bayan buɗa-baki ko bayan tarawihi, in za a motsa kafin magariba kada ya wuce minti 30 a hankali. Goman ƙarshe a ajiye shi gaba ɗaya, kwana goma ba sa rushe abin da aka gina. Masu hidimar alhazai kuwa sun san lokacin aikin Hajji ko barci da ƙyar suke samu, kada su yi rajistar tseren da shirinsa zai ratsa Zulƙida da Zulhajji. Mafi dacewa a nemi wanda ya faɗo tsakanin Nuwamba da Maris. Wanda ya haura arba'in, ko mai hawan jini ko suga, ya fara ganin likita a duba zuciyarsa, mai shan maganin suga kuma ya tambayi yadda zai daidaita shi da atisaye.

Ranar tseren kanta a yi wa iyali tanadi, don tsayuwar awa biyu a rana da ƙananan yara ba wasa ba ce: a faɗa musu lokacin da ake sa ran ƙarewa, su zo minti ashirin kafin nan da lema da ruwan sanyi. Bayan an gama a ajiye keken mako biyu cur, Juma'o'in nan biyu uwargida ta ce inda za a je, kuma kada a biya kuɗin wani tseren sai an sake zama a kan kalandar.

Mun gode da filin da aka ba mu. Wassalam.

Daga wasu 'yan'uwa masu atisaye a bakin tekun Jidda, Saudiyya.