Su Ma 'Yan Mazan Jiyan Amurka a Ji Ta Bakinsu

Assalamu alaikum Malam Edita.

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka. Ni mai sauraronku ne daga jihar Ohayo ta Amurka. Direban tirela ne, motar tawa ce, kuma yawancin shirye-shiryenku a kan hanya nake jin su ta waya, daga wannan sito zuwa wancan. Abin da ya sa na rubuto shi ne shirin da kuka yi kan rikicin inshorar lafiya a nan ƙasar, bayan da ayyukan gwamnatin tarayya suka tsaya na kwana 43 a ƙarshen 2025. Baƙonku ya yi bayani mai daɗin ji. Amma da aka tambaye shi dalilin da ya sa masu ra'ayin mazan jiya suka tsani dokar inshorar lafiya da Shugaba Obama ya kawo, wadda ake kira Obamacare, sai ya ce ba su son talaka ya samu magani ne, kuma suna ƙin dokar don baƙar fata ne ya kawo ta. Daga nan aka wuce wata tambayar.

Ban ce babu masu irin wannan zuciyar ba. Launin fatata ba ɓoyayye ba ne, na kuma ji maganganu a gidajen mai waɗanda ba zan maimaita su a nan ba. Sai dai na shekara da yawa ina cuɗanya da mutanen nan, direbobi da makanikai da masu ƙananan shaguna, kuma waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Bakaniken da ke gyara mini mota wani dattijon bature ne, ɗan mazan jiya na gidi. Shi ne ya taɓa barina da bashin gyaran giyar motata har wata uku bai yi mini waya ko sau ɗaya ba. Mutumin da ke yin haka, da wuya a ce mini ƙin talaka ne ya hana shi barci.

Fushin nasu ya girmi dokar. A watan Oktoban 2008 gwamnatin George Bush, ɗan Republican, wato jam'iyyar 'yan mazan jiyan, ta ware dala biliyan 700 don ceto bankuna. A Fabrairun 2009 Obama ya sa hannu kan wasu biliyan 787 na farfaɗo da tattalin arziki, sannan gwamnati ta wayi gari ita ce mai kaso mafi tsoka a kamfanin motoci na General Motors. A daidai lokacin, bakaniken nawa yana sallamar yaransa biyu don babu aiki, ba wanda ya zo ceton garejinsa. Abin da ya gani shi ne manyan da suka yi caca da kuɗin jama'a an biya musu asara da harajinsa. Daga wannan ɓacin ran aka haifi ƙungiyar Tea Party, wadda ta aro sunanta daga abin da ya faru a Boston a 1773, lokacin da mutanen gari suka zubar da akwatunan ganyen shayi a teku don ƙin harajin Ingila. Ana cikin haka sai aka zo musu da dokar lafiya mai shafi fiye da dubu biyu.

Yadda aka zartar da ita ma ya ƙara wa wutar fetur. Majalisar Dattawa ta amince da ita a jajibirin Kirsimetin 2009 da ƙuri'a 60, babu ta ɗan Republican ko ɗaya. A watan Janairu mutanen Massachusetts, jihar da 'yan Democrat ke ɗauka kamar gidansu, suka ba ɗan Republican Scott Brown kujerar Majalisar Dattawa ta marigayi Ted Kennedy, alhali ya faɗa da bakinsa cewa zai je ne ya tare dokar. Duk da haka aka ci gaba. Majalisar Wakilai ta zartar da ita da ƙuri'a 219 da 212, har da 'yan Democrat 34 cikin masu cewa a'a, Obama ya sa hannu ranar 23 ga Maris 2010. Shirin Medicare na tsofaffi da aka kafa a 1965 ya samu ƙuri'un jam'iyyun biyu, shi ya sa ba wanda ke kallonsa a matsayin kayan wata jam'iyya. Wannan kuwa tun ranar suna ya tashi da maƙiya. A zaɓen Nuwamban 2010 'yan Democrat suka rasa kujeru 63 a Majalisar Wakilai.

Amma abin da ya fi ci musu rai, ya kuma ci mini nawa, shi ne dole. Dokar ta ce ko dai ka sayi inshora daga kamfani, ko ka biya tara ta hannun hukumar haraji. A 2014 tarar dala 95 ce ko kashi 1 cikin ɗari na abin da ka samu, duk wanda ya fi yawa. Zuwa 2016 ta kai dala 695 ga kowane baligi ko kashi biyu da rabi. Na biya ta a shekarar, don na yi lissafi na ga tarar ta fi mini sauƙi a kan inshorar. Ina yaro a Kano lokacin da gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a 1979, kuma ban manta murnar da na gani a fuskar mahaifina ba. Haraji ne da ake biya don kawai kana da kai a wuya. Ranar da na cike takardar tarar nan, shi ya faɗo mini a rai: ban sayi komai ba, ban sayar ba, ban yi wa kowa laifi ba, amma ga takardar biya.

Abin haushin shi ne Obama da kansa ya soki wannan dolen a 2008, lokacin da yake neman tikiti da Hillary Clinton. Da ya hau mulki ya rungume shi, ya kuma ce ba haraji ba ne. Da aka je Kotun Ƙoli a 2012, alƙalai biyar cikin tara suka bar dokar da rai bisa hujjar cewa haraji ne. Ba cinya ba, ƙafar baya. A nan Ohayo an kaɗa ƙuri'a kan maganar a Nuwamban 2011, kusan kashi biyu cikin uku suka ce ba su yarda a tilasta wa kowa sayen inshora ba. A rana ɗaya kuma waɗannan masu zaɓen suka yi watsi da dokar gwamnan Republican da ta rage ƙarfin ƙungiyoyin ƙwadago. Wanda ya ce duk wannan jama'a masu ƙin talaka ne, sai ya yi mini bayanin ƙuri'a ta biyun.

Sai maganar alƙawari. An faɗa, an maimaita, cewa duk wanda ke son inshorar da yake da ita zai ci gaba da riƙe abarsa, kuma iyali za su samu ragin da ya kai dala 2,500 a shekara. A ƙarshen 2013 miliyoyin mutane suka samu wasiƙar soke inshorarsu don ba ta cika sababbin sharuɗɗa ba. Tawa na ciki. Aka ce mu je shafin intanet na gwamnati mu sayi sabuwa, shafin ya ƙi aiki makonni. Obama ya fito ya ba da haƙuri, kuma na yaba masa da hakan, amma haƙuri bai dawo da tsohon farashi ba. Ma'aikatar lafiya ta tarayya ta bayyana a 2017 cewa a jihohin da ke amfani da shafin, matsakaicin kuɗin wata na mai saya wa kansa ya ninka daga 2013.

A nan ne ake yawan kuskuren fahimta. Wanda ke aiki a babban kamfani, kamfanin ke ɗauke masa yawancin nauyin. Mai ƙaramin ƙarfi yana samun tallafin gwamnati na biyan kuɗin inshora, ko Medicaid, wato shirin gwamnati na kula da lafiyar talakawa. Wanda aka bari a rana shi ne na tsakiya mai cin gashin kansa, irina da irin bakaniken. A tsarin farko, in abin da ka samu a shekara ya haura ninki huɗu na ma'aunin talauci ko da dala ɗaya ce, tallafin gaba ɗaya ya tafi. Na san direbobin da ke ajiye mota a watan Disamba, su ƙi ɗaukar lodi, don kada su tsallake layin. Haka mai kamfanin da ma'aikatansa suka kai 50 dole ya ba su inshora, kuma awa 30 a mako aka ɗauka cikakken aiki, sai ka ga wani ya tsaya a 49, ko ana yanka wa ma'aikaci awa. Ga kuma wani ƙari: bayan kuɗin wata, akwai dubban dalolin da sai ka fara kashewa daga aljihunka kafin kamfani ya sa hannu a yawancin abubuwa. Mutum na da katin inshora a aljihu, amma yana tsoron ƙofar asibiti.

Akwai ɓangaren addini ma, wanda na ɗauka masu sauraronku za su fi kowa ganewa. Wasu mata masu zaman zuhudu na cocin Katolika, masu kula da tsofaffi marasa galihu, sun shafe shekaru a kotu don an ce inshorar ma'aikatansu sai ta haɗa da maganin hana ɗaukar ciki. Ko mutum bai yarda da ra'ayinsu ba, ya san yadda zai ji in hukuma ta shigo masa masallaci da irin wannan umarni.

To, laifi tudu ne. Shugabannin 'yan mazan jiyan suna taka nasu su hango na wani, kuma ina faɗa wa bakaniken haka ido da ido. Tunanin tilasta sayen inshora daga gidansu ya fito: cibiyar Heritage ta kawo shi a 1989, Mitt Romney ya aiwatar da shi a Massachusetts a 2006 yana gwamnan Republican. Bush ne ya faɗaɗa Medicare a 2003 don biyan kuɗin magani, ba a tanadi inda kuɗin za su fito ba, kuma ba a ga zanga-zanga ba. Sarah Palin, 'yar Republican, ta baza cewa dokar za ta kafa kwamitin yanke wa tsofaffi hukuncin mutuwa, ƙarya ce tsagwaronta. Shekara bakwai suna cewa za su soke su kawo wadda ta fi. Da mulki ya zo hannunsu gaba ɗaya a 2017, aka nemi abin da za a musanya da shi aka rasa, har sanatansu John McCain ya juya babban yatsansa ƙasa cikin dare alamar a'a, ƙudurin sokewar ya faɗi da 49 da 51. Abin da suka iya shi ne mayar da tarar sifili daga 2019.

Ni kaina jiki magayi. Bayan shekarun nan likita ya ce ina da ciwon suga. A tsohon tsari kamfani na iya ƙin karɓata, ko ya karɓe ni ya ce ban da sugar. Yanzu ba shi da wannan ikon, kuma dokar da na zaga ce ta hana shi. Kimanin mutum miliyan 20 suka samu inshora ta dalilinta a shekarun farko. Ƙanin bakaniken ma yana cikinsu, don gwamnanmu na lokacin, John Kasich, ɗan Republican, ya karɓi faɗaɗa Medicaid duk da hayaniyar 'yan jam'iyyarsa. In na tambayi dattijon ko a cire wannan kariyar, sai ya ce a'a, a bar ta, dolen kawai ba ya so. Ni kuma in ce masa wannan kamar adashe ne da kowa zai jira sai ranar kwasarsa sannan ya fara zubi. In an hana kamfani korar mai ciwo, sai an samu hanyar da mai lafiya zai zuba, ko da sanda ko da tallafi. Har yau bai ba ni amsa ba.

Sai dai shi ma yana da tambayar da ni ban iya amsawa ba. A 2021 aka ƙara tallafin aka ce na wucin gadi ne saboda korona. Aka tsawaita shi zuwa ƙarshen 2025. Da wa'adin ya gabato, rikici kan sake tsawaita shi ne ya tsayar da ayyukan gwamnatin tarayya na kwana 43 ɗin nan. Yakan ce mini, Malam, nuna mini shirin gwamnati ɗaya da aka ce na ɗan lokaci ne ya kuma tafi salin-alin. Tallafin bai rage kuɗin gadon asibiti ko na allura ba, wanda ke biya kawai aka canza, aka ɗora wa mai biyan haraji da jikokinsa. Ƙasar nan tana kashe kusan kashi ɗaya cikin shida na duk abin da take samarwa a kan lafiya, kuma babu jam'iyyar da ta taɓa asalin farashin taɓawar kirki.

Na ji cewa dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Mayun 2022 ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan Najeriya. In ranar tilastawa ta zo, mai shayi da ɗan acaɓa za su yi irin tambayoyin bakaniken nan, kuma ba zan so a ce musu maƙiyan marasa lafiya ba.

Roƙona, Malam Edita, in za ku sake taɓa maganar, ku haɗa baƙonku da wani daga ɗaya ɓangaren, wanda ya taɓa biyan tarar ko ya karɓi wasiƙar sokewa, ku bar su su yi ta a gabanmu. In tafinta ne matsala, ina hutu ranar Lahadi, kuma dattijon ya ce a shirye yake muddin ba da sassafe ba ne.

Na gode. Allah ya ƙara basira.

Naku,
Mai sauraro daga Ohayo, Amurka