Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Shugaban Ƙaramar Hukumarmu kan asibitin 'yan mazan jiya

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Ina yi maka fatan alheri, kuma ba zan tsawaita gaisuwa ba, domin abin da ya sa na rubuto ka san shi tun ba yau ba.

Asibitin da mutanen garinmu suka gina don tunawa da 'ya'yansu da suka kwanta dama a fagen daga yana nan a kulle, saboda har yanzu ba a turo mana ma'aikaci ko ɗaya ba. Kai ne ka yanka ƙyalle ranar buɗewa, kuma kai ne ka tsaya gaban hakimi da limamai da fastoci da matan sojojin da suka rasu, ka ce kafin faɗuwar damina za a turo ungozoma da malamin asibiti, a kawo firijin ajiye allurar rigakafi mai aiki da hasken rana. Damina ta sauka ta ɗauke, an girbe gero da dawa, ciyawa ta tsiro a bakin ƙofa har ta bushe, ba mu ga kowa ba.

Ina so ka tuna dalilin da ya sa aka gina shi. Lokacin da muka zauna shawara, wasu sun so a kafa ginshiƙi irin wanda ake ajiye wa furanni a manyan birane, sai dattawa suka ce dutse ba ya amfanar mamaci, gara a yi abin da zai zama sadaka mai gudana. Shi ya sa sunayen da ke jikin bangon ɗakin jira suka faro daga kakanninmu da Turawa suka kwasa zuwa ƙasar Bama (Burma) a yaƙin duniya na biyu cikin runduna ta 81 da ta 82, suka biyo ta kan waɗanda suka mutu a yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, da na Laberiya da Saliyo, har zuwa samarin da muka rasa a Borno da Yobe tun daga 2009, waɗanda wasunsu ko gawarsu ba ta dawo gida ba. Musulmi da Kirista suna jere a bango ɗaya. Da gayya aka yi aikin: matasa suka buga bulo, mata suka yi ta jigilar ruwa a ka daga rafi, tsofaffin sojoji suka tsakura daga ɗan fanshon da ba ya isarsu. Na ga wata dattijuwa da ɗanta ya mutu a dajin Sambisa ta ja akuyarta zuwa kasuwa, ta dawo ta kwance kuɗin daga bakin zanenta ta ce a sayi siminti. Ita ce yanzu take tare ni a hanya tana tambaya yaushe likita zai zo, ni kuwa sai in sunkuyar da kai.

Wannan jinkiri a jikin mutane yake ƙarewa. Mace mai juna biyu ba ta zuwa awo, domin kuɗin babur zuwa asibitin gunduma ya fi ƙarfin mijinta, kuma idan naƙuda ta zo da gardama cikin dare, a kan babur ɗin za a ɗora ta, mutum biyu na riƙe da ita, a bi hanyar da ruwa ya zaizaye. Yaro ya kamu da zazzaɓin cizon sauro, sai uwa ta je kemis ta sayi rabin magani ba tare da gwajin jini ba. Manomi kuma idan kububuwa ta sare shi, kowa ya san maganin dafin yana Kaltungo, amma da akwai malamin asibiti a gari da shi ne zai hana a ɓata sa'o'i ana tsaga da ɗaure ƙafa, ya sa a kama hanya nan take.

Na san za a ce babu kuɗi, ko a ce tura ma'aikata yana hannun hukumar lafiya matakin farko ta jiha. In haka ne, kai ne bakinmu a wurinta, kuma muna so mu ga takardar da ka rubuta mata. Gwamnatin Gombe ta gyara asibiti ɗaya a kowace gunduma cikin 114, mun yaba, amma namu na gundumar yana nesa da mu. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don irin wannan hidima, Kotun Ƙoli kuma ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ma'aikatan ma ba sai an nemo su daga nesa ba, domin akwai 'ya'yanmu mata da suka gama kwalejin kiwon lafiya ta Kaltungo suna zaune a gida da takardunsu. Albashin mutum biyu muke roƙo, ranka ya daɗe, don girman Allah.

Akwai maganar rijiyar burtsatse da ta hanya, waɗannan za su iya jira.

Ranar 15 ga Janairu za a yi bikin tunawa da 'yan mazan jiya, kuma za a gayyato matan nan da marayunsu su zauna a rana. Muna roƙon kafin wannan rana ka kira kwamitinmu, ka faɗa mana sunan ungozoma da malamin asibitin da aka turo da ranar da za su kama aiki. Ɗakin kwanansu mun riga mun tanada, za mu kuma ɗauki nauyin mai gadi da mai shara daga aljihunmu.

Naka,
Sakataren kwamitin ginin asibiti